Amsar da ba kai ka bayar ba: hattara da fom mai zuwa a cike

 

A ƴan shekarun nan kusan duk wata rajista ta bar takarda ta koma cikin waya. Masu ƙidaya sun shigo gari, waya ce a hannunsu. Za a ɗauki sunayen mabuƙata don tallafin kuɗi ko rabon cimaka, waya ce. Rajistar layin tarho, aika kuɗi gida, neman gurbin karatu, neman aiki, duka ta allo ake bi. Tambayoyin da a da ake cikewa da biro yanzu suna jere a allon waya ko kwamfuta, kowace da gurbin amsarta. Shi ne ake kira fom.

To akwai wani abu game da wannan fom da yawancinmu ba mu lura da shi ba. Takarda, in ba a rubuta mata komi ba, wayam take. Fom na waya kuwa sau da yawa yakan buɗe da wasu amsoshi a ciki tun kafin a tambaye ka ko kalma guda. Ƙasa, an riga an saka. Jiha, an saka. Kwanan wata, an saka. Wani lokacin ma har da sunanka da shekarunka da yawan mutanen gidanka. In amsar daidai ce, an huta. In ba daidai ba ce kuma ba wanda ya duba, ta wuce ke nan a matsayin maganar da ta fito daga bakinka, kuma gyaranta na iya cin watanni da kuɗin mota zuwa Tanut ko Damagaram.

Wa ke saka amsar?

Masu haɗa shafukan intanet ba sa fara aiki daga ƙasa kowane lokaci. Akwai shiryayyun manhajoji da suke ɗora aikinsu a kai, kamar yadda mai baibaya ke samun tsaiko a ɗaure, shi dai nasa ya jera shuci. Ɗaya daga cikin sanannun irin wannan tsaiko shi ne Django, wanda wasu ma'aikatan wata jarida a garin Lawrence na jihar Kansas ta Amurka suka ƙirƙira, aka sake shi ga kowa a 2005. Masu aikin agaji da masu bincike da ke shiga ƙauyuka kuma sun fi amfani da ODK da KoboToolbox, domin ana iya cike su ko babu rezo, a aika daga baya in an samu.

A cikin dukansu, wanda ya tsara fom yana da damar ya ce wa kowane gurbi: «In an buɗe ka, ga amsar da za ka fara nunawa.» Mu kira ta cikon farko. Wannan ciko yana fitowa ta hanyoyi huɗu.

Na ɗaya, wanda mai tsarawa ya kafe da hannunsa. Ya san za a yi aikin a Nijar, sai ya saka Nijar a gurbin ƙasa, ya saka +227 a gaban gurbin lambar waya.

Na biyu, wanda na'ura ke lissafawa a daidai lokacin da aka buɗe fom, kamar kwanan watan yau, ko ƙarfe nawa, ko wurin da wayar take. Wannan ya dogara da wayar kanta. In agogon wayar ya rikice, amsar ma ta rikice.

Na uku, wanda ake jawowa daga tsohon rajista. An taɓa ɗaukar sunanka shekarun baya, yanzu da an buga lambarka sai duk abin da aka rubuta a wancan karo ya dawo ya zauna a gurabe.

Na huɗu kuma ba daga mai fom yake ba, daga wayar ko kwamfutar da ake aikin da ita yake. Tana tuna abin da wani ya taɓa rubutawa, sai ta miƙo shi don ta taimaka. A wayar da mutum ɗaya ke riƙewa, wannan sauƙi ne. A wayar da gida guda ke aro, ko kwamfutar shagon intanet, sunan wani ko lambar wani ce za ta faɗo maka.

Akwai kuma wani rubutu dusashe, mai launin toka, da ake gani a cikin gurbi, kamar misalin yadda ake rubuta lamba. Shi wannan nuni ne kawai, da ka fara rubutu zai ɓace, kuma ba a aika shi. Cikon farko kuwa rubutu ne sosai, baƙi ƙirin kamar kai ka rubuta, kuma in ba a taɓa shi ba, shi za a aika.

Ai yana da amfani

Kar a ɗauka abin duk sharri ne. Ku duba mai shayin tasha da ya saba da kai. Da ka zauna bisa banci ya san naka, madara kaza, sukari kaza, ba sai ka yi magana ba. Ya rage maka jira, ya rage wa kansa tambaya. Haka mai ɗaukar suna da zai bi gida talatin ko arba'in a yini cikin zafin bazara. In kowane gida sai ya sake rubuta ƙasa da jiha da gunduma da sunan gari, rabin yininsa ya tafi a nan, kuma kowane rubutu dama ce ta kuskure. In an saka masa su tun farko, sunan garin zai fito iri ɗaya a duk gidajen, ba yau a rubuta shi haka gobe a rubuta shi wani iri ba.

Amma ranar da baƙo mai ciwon sukari ya zauna a bancin nan, mai shayi ya zuba masa na sabo ba tare da ya tambaya ba, ka ga sauƙin ya zama cuta.

Inda gizo ke saƙar

Lokacin da aka danna «aika», babbar kwamfutar da ke karɓar bayanai tana ganin amsa ne kurum a kowane gurbi. Tana iya gane gurbin da aka canza da wanda aka bari yadda yake. Abin da ba ta iya ganewa shi ne dalilin barinsa: an karanta maka ka ce haka ne, ko kuwa yatsa ne ya wuce ba wanda ya ko kalla? Wajenta duka ɗaya ne.

Akwai ma abin da ya fi haka. Yawancin fom suna da gurabe na dole. In ka bar su wayam, na'ura za ta ƙi wucewa, ta nuna jan rubutu ta ce a cike nan. Wannan tsaro ne mai kyau. To amma gurbin da ya zo a cike ba zai taɓa tsayar da kowa ba, tunda ba wayam yake ba. Ke nan tsaron da aka yi don kama mantuwa ba ya aiki a daidai wurin da aka fi yin mantuwar.

Belbeji a sama, Damagaram a ƙasa

Ga misalin da ya shafe mu kai tsaye. Gurabe da yawa ba a rubutu a cikinsu, jerin sunaye ne ake buɗewa a zaɓi ɗaya. A shafukan intanet, in mai tsarawa bai saka layin wofi a sama ba, sunan da ke farkon jeri shi ne ke zaune a gurbin, kuma shi za a aika in ba a canza ba. Jerin kuma galibi bisa tsarin baƙaƙen boko yake, da sunayen Faransanci.

Ku jera jihohin Nijar takwas: Agadez, Diffa, Dosso, Maradi, Niamey, Tahoua, Tillabéri, Zinder. Agadas ce ta farko, tamu ce ta ƙarshe. Mutumin Damargu sai an gangara har ƙasan jeri kafin a same shi. Ku shiga gundumomin jihar Damagaram kuma: Belbédji ce a sama, Tanout tana can kusa da ƙarshe. A kwaminonin gundumar Tanut, Falanko ce ke gaban Gangara da Ollelewa da Tanut da Tenhiya. Ke nan in aka yi sakaci a fom irin wannan, mutumin Bakin Birji na iya wayar gari a rajista ɗan Belbeji ne, ko ma ɗan jihar Agadas.

Wani zai ce to mene ne a ciki, ai duk ƙasa ɗaya ce. A'a. Rabon tallafi, da saida hatsi a farashi mai rahusa, da runfunan zaɓe, duka bisa gunduma da kwamin da gari ake tsara su. Sunanka na can cikin lissafin wani wuri, kai kana nan kana jira a garinku a kira ka. A ƙidayar 2012 gundumar Tanut na da mutum sama da dubu 400, Belbeji kuma kusa da dubu 100. A cikin taro irin wannan, ba wanda zai bi sunan mutum ɗaya ya gano inda ya ɓace in ba shi mai sunan ya tashi ba.

Mutanen Belbeji kuma nasu ya bambanta. Sai a 2011 Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta, da kwamin ɗinta ta Tarka. Kafin nan ƙarƙashin Tanut take. Duk wanda aka yi wa takarda kafin wannan shekara, Tanut ce a jiki, kuma fom da ke jawo bayani daga tsohon rajista Tanut zai saka masa. A gurbin wurin haifuwa, a bi abin da ke rubuce a takardar haifuwa. A gurbin wurin zama na yanzu kuwa, a tabbata an saka Belbeji da Tarka.

Mutanen Gangara ku ma ku kula: akwai wata kwamin mai suna Gangara a jihar Maraɗi. In an buga sunan aka zaɓi wadda ta fara fitowa, a duba jihar da ke gefenta.

Ranar 1 ga Janairu

Ku tara dattawan gari goma ku duba katinsu, za ku ga da yawa ranar 1 ga Janairu aka haife su. Ba wai iyayenmu mata sun haɗa baki ba ne. Da yawanmu a gida aka haife mu, ba a kai rahoto ba, sai da girma aka je kotu aka yi takarda, aka rubuta cewa an haifi wane wajejen shekara kaza. Takarda ta yarda da «wajejen». Kwamfuta kuwa ba ta san wannan ba, sai an ba ta rana da wata da shekara. Sai aka saba cike mata ranar farko ta watan farko. Ba mu kaɗai ba ne, ƴan gudun hijira da yawa daga Somaliya da Afganistan da Sudan da ke zaune a Turai da Amurka su ma wannan ranar ce a takardunsu.

In takardar kotu ce ta ba ka shekara kawai, 1 ga Janairu ba laifi ba ne, muddin ita ce a dukan takardunka. Matsalar tana wurin wanda ke da cikakkiyar ranar haifuwa a takarda, amma mai cike fom ya canza shekara kaɗai ya bar rana da wata yadda ya same su. Yanzu yaro na da ranar haifuwa biyu, ɗaya a takardar haifuwa, ɗaya a rajistar lakwal ko a kati. Ba za a ji komi ba sai ranar da zai ajiye takardun jarrabawar BEPC ko bakaloreya, ko neman fasfo, ko shiga aikin soja ko na gwamnati inda ake duba shekaru. Ranar ce za a ce takardu ba su dace da juna ba.

Wani fom kuma ranar yau yake nunawa a gurbin kwanan wata. A gurbin ranar da aka yi rajista, daidai ne. A gurbin haifuwa kuwa, in ba a canza ba, dattijo mai jikoki ya zama jinjirin da aka haifa yau. In kuma kuka ga 1 ga Janairu 1970 a takardar yaro ƙarami, wannan alama ce ta gurbin da ba a cike ba, domin kwamfutoci da yawa daga wannan ranar suke fara ƙirga lokaci, in ba su samu komi ba sai su koma can.

Ga yara ƙanana ma shekaru ba wasa ba ne. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar, kuma maganin rigakafin masassara da ake rabawa da damina na ƴan wata 3 ne zuwa wata 59. Wata ɗaya ko shekara ɗaya da aka ƙara wa yaro a rajista na iya fitar da shi daga lissafi.

Bayanin bara a rajistar bana

Cikon da ya fi yaudara shi ne wanda ke zuwa daga tsohon rajista, domin a ido gaskiya ne. Sunanka ne, garinku ne. Sai dai gida ba ya tsayawa wuri ɗaya. An yi haifuwa, an yi rasuwa, ɗiya ta yi aure ta tafi, ƙane ya dawo daga Libiya da iyalinsa ya zauna hannunka, awakin da aka ƙirga wancan karo an saida su a shekarar fari.

Shirin tallafin kuɗi da gwamnati ta soma tare da Bankin Duniya a 2011, wanda ya fara da ba gida jika goma a wata, da irin waɗannan tambayoyi yake zaɓen gidaje: mutum nawa ne a gidan, da me aka gina ɗaki, akwai dabbobi ko babu, me aka mallaka. Na'ura ce ke haɗa amsoshin ta fitar da maki. Shirye-shiryen agaji da yawa haka suke yi. Ke nan in fom ya fito da mutum biyar daga tsohon lissafi alhali yau bakin da ke cin tuwo a gidan goma sha ɗaya ne, makin gidan zai fito bisa biyar. Haka in gurbin yawan dabbobi ya zo da sifili aka wuce, ko ya zo da adadin bara aka wuce, duka ba gaskiyar yau ba ce. Na farko ya ba wani abin da ba haƙƙinsa ba, na biyu ya hana mai haƙƙi.

Sai lambar waya. Layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba, kamfani na iya rufe shi ya ba wani. In tsohuwar lambarka ce ke zaune a gurbi, saƙon kira zuwa karɓar kaya, ko kuɗin kansu, wani ne zai gani.

Ku da ke ƙasashen waje

Ƴan uwa masu aiko da kuɗi, ga naku. A jerin ƙasashe na Faransanci da na Ingilishi, Nijar da Najeriya maƙwabta ne kamar yadda suke a ƙasa, ɗaya bisa ɗaya, bambancin baƙaƙe biyu ne a ƙarshen suna. Manhajar da ka sauke a Kano ko Legas kuma +234 za ta saka maka tun farko, ta Libiya +218, ta Aljeriya +213. Lambar Nijar +227 ce, sannan lambobi takwas. In ka ga gurbi na neman fiye da takwas, tsaya ka duba ƙasar da aka zaɓa.

Ku duba sunan mai karɓa ma. Manhaja na tuna wanda ka aika wa na ƙarshe ta miƙo maka shi. Kuma a rubuta sunan yadda yake a katin mai karɓa, ba yadda ake kiransa a gida ba. Wanda kuke ce wa Mamman, a katinsa wataƙila Mahaman ne ko Mahamadou, Yusufu kuma Issoufou. Tsohuwa ta biya kuɗin mota daga ƙauye zuwa Tanut ranar kasuwa, a ce mata suna bai dace ba, ba ƙaramin abu ba ne.

Kwanan wata ma akwai tarko. Mu da Faransa da Najeriya rana muke fara rubutawa sannan wata. Fom na Amurka wata yake farawa. 03/04 a wajenmu 3 ga Afrilu ne, a wajensu 4 ga Maris.

Har manyan ƙasashe abin ya taɓa

Kar mu ce ƙarancin karatu ne ya ja mana. A Amurka, wani kamfani mai suna MaxMind, da ke nuna wurin da kwamfuta take a taswira, in bai san takamaiman wuri ba sai ya saka wani ɗigo a tsakiyar ƙasar a matsayin cikon farko. Ashe ɗigon ya faɗa bisa wani gidan gona a jihar Kansas. Shekara da shekaru ƴan sanda da mutanen da aka damfara suna zuwa gidan neman ɓarayi, masu gida ba su san hawa ba ba su san sauka ba, sai a 2016 jarida ta tono dalili, kamfanin ya mayar da ɗigon tsakiyar wani tabki.

Haka na'urar da ta kasa gano inda take wani lokaci takan rubuta sifili da sifili. Wannan wuri a cikin teku yake, kimanin kilomita 600 kudu da gaɓar Gana. Rijiya ko gona da aka auna a Damargu na iya fitowa a taswira tana tsakiyar ruwa.

Sai ɗan akwatin nan na «na yarda» da ke ƙasan fom. Wasu sukan saka masa alamar tun farko, ya zama ka yarda a ba wasu bayananka ko a riƙa aiko maka talla ba tare da ka sani ba. Ranar 1 ga Oktoba 2019 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci cewa akwatin da aka riga aka saka wa alama ba yardar mutum ba ce, sai shi ya saka da kansa. Nijar ma tun 2017 tana da dokar kare bayanan mutane, aka kuma kafa hukumar HAPDP don kula da ita. Dokar ta ba mutum damar ya san abin da aka rubuta a kansa, ya kuma nemi a gyara in akwai kuskure.

Me ya kamata mu yi?

Ga mai amsa tambaya, namiji ko mace: kafin a danna «aika», ka ce a karanta maka duka daga sama har ƙasa, da Hausa ko da harshen da kake ji, har da guraben da ba a tambaye ka ba. Ba rashin kunya ba ne, ba kuma rashin yarda da ma'aikaci ba ne. Ka saurari abu shida musamman: suna, ranar haifuwa, gari da kwamin da gunduma, yawan mutanen gida, lambar waya, da ko namiji aka saka ko mace. Wannan na ƙarshe mata su kula da shi, domin fom da yawa namiji ne ke sama a jeri, kuma gidan da mace ke riƙe da shi, kamar wadda mijinta ya rasu, ana duba shi dabam a shirye-shiryen agaji da dama.

Ka zo da takardarka a hannu, a kwafa daga jikinta. In ba ka karatu, ka tafi da ɗa ko jika ko maƙwabci mai karatu. In an ba ka rasit ko lamba, ka adana cikin leda tare da takardar haifuwa. In akwai waya mai hoto, a ɗauki hoton allon kafin a aika.

Ga samarinmu da ƴan matanmu da ake ɗauka aikin ƙidaya: mun san ana ba ku adadin gidajen da za ku gama a yini, mun san zafi da nisa da cajin waya. Amma gurbin da ya zo a cike shi ma tambaya ce, ku yi ta. Kar ku ce «gidanku mutum biyar ne ko?», domin dattijo zai ce e don kunya ko don kar ya ɓata muku lokaci. Ku ce «mutum nawa ke ci a tukunyarku?», ku bari ya ƙirga. In kun tashi daga wani gari zuwa wani, abin farko ku duba sunan garin da ke allo. Kowace safiya kuma ku duba agogo da kwanan watan wayarku.

Ga ƴaƴanmu da ke koyon haɗa manhaja a Damagaram da Yamai da Kano: ku saka cikon farko a inda amsar kusan kowa ɗaya ce, kuma kuskurenta ba ya cuta. Ranar haifuwa, jinsi, yawan iyali, yarda da sharuɗɗa, ku bar su wayam. A jerin zaɓi ku saka layin wofi a sama, yadda Django ke saka ƴan layuka a guraben da ke jawo jeri daga rumbun bayanai. Ku ba da wurin cewa «shekara kawai aka sani». Bayanin da kuka jawo daga tsohon rajista ku bambanta launinsa, ku sa a tabbatar da shi ɗaya bayan ɗaya. Ku kuma tuna, a Django cikon farko na nuni ne kawai: in mutum ya goge shi ya aika wayam, ba ya dawowa da kansa.

In an riga an yi kuskuren fa?

Kar a zauna a ce Allah ya kawo gyara. In lissafin tallafi ne, a fara da mai gari da kwamitin karɓar koke in shirin na da shi, tun kafin a rufe lissafi. In layin waya ne ko asusun kuɗi, a je ofishin kamfanin da katin ɗan ƙasa. In takardar haifuwa ce, a fara da ofishin magajin gari inda aka yi ta, su za su faɗa ko gyaran nasu ne ko sai an je kotu. Takardar haifuwa ita ce uwa, sauran takardu daga gare ta ake kwafa, don haka in ita ce ke da kuskure, ita ake fara gyarawa.

Mafi sauƙi duka shi ne jaririn da aka haifa yau a kai rahotonsa cikin kwana 60 da dokar 2019 ta tanada, a likita ko wurin da aka keɓe a gari, a rubuta masa ranarsa ta gaskiya. Idan lokacin ya wuce, a riƙa sauraren sanarwar zaman alƙalai na tafi-da-gidanka da ake kawowa ƙauyuka don yin takardu.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa na gida, ku na waje kuma ku tura wa iyaye ta saƙon murya. In akwai wanda irin wannan ta taɓa faruwa da shi, ya aiko mana yadda ya yi ya gyara, mu sanar da jama'a a shiri na gaba ba tare da faɗin sunansa ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya dawo da matafiya gida lafiya.